Daga Kaset Zuwa Buhun Fulawa: Yadda Bidiyo Ya Koma Zanen Fenti

A tsakiyar shekarun 1980 na'urar bidiyo ta bazu a Ghana, daidai lokacin da gidajen silima irin su Dunia na unguwar Nima suka fara ja da baya. Duk mai talabijin da na'urar kaset da ɗan janareta sai ya kama ɗaki, ya jera benci, ya riƙa karɓar kuɗin ƙofa. A Nima da Maamobi da sauran zangunan Accra, finafinan Indiya da na Hong Kong da na Amurka suka samu kasuwa, kafin William Akuffo ya fito da fim ɗin Zinabu a 1987, ya buɗe wa fim ɗin gida hanya.

Sai dai kaset ba ya zuwa da fasta, buga babban hoto mai launi kuma ya fi ƙarfin aljihun mai ɗakin kallo. Nan masu zanen allon shago suka shigo. Akan wanke buhunan fulawa na auduga, a ɗinke biyu wuri guda, a zana da fentin mai. Buhu na jure naɗewa da rana da ruwa, shi ya sa fasta ɗaya kan bi kaset daga unguwa zuwa ƙauye har ta koɗe.

Aikin ya wuce kwaikwayo. Wani lokaci kwalin kaset kaɗai mai zane ke gani, ko a ba shi labarin da baki, shi kuma ya dunƙule fim na awa biyu a hoto guda. Ya kumbura damtsen jarumi, ya yawaita jini, ya ƙara wa maciji kai, domin mai wucewa ya tsaya. Masu zane irin su Joe Mensah da Heavy J da Stoger da Leonardo kowa da hannunsa, har akan gane mutum daga yadda yake jan burushi. Wannan hannu shi ne darajar sana'ar, kuma shi aka rasa a ƙarshen shekarun 1990, da injin buga fasta ya yi araha, talabijin ta shiga gidaje. Littafin Ernie Wolfe mai suna Extreme Canvas, na shekarar 2000, ya jawo masu saye daga waje; a Nima kuwa fenti ya koma bango, a hannun irin su Mohammed Awudu.

Fasta a tsaye take. Wahala na farawa ne idan aka ce zanen ya motsa, domin muddin sawun burushi ya sauya wuri daga hoto zuwa hoto, sai fim ya riƙa rawa a ido. Masu fim ɗin Loving Vincent na 2017 da hannu suka magance haka: masu zane kimanin 125, hotuna wajen 65,000, goma sha biyu a kowace daƙiƙa. Ta ɓangaren kwamfuta, tun 1997 Peter Litwinowicz ya nuna yadda kowane sawu zai bi motsin abin da ke ƙarƙashinsa. Manhajar EbSynth, wadda aka saki a 2019, ta sauƙaƙa lamarin: mutum ya zana hoto ɗaya daga bidiyon, ita ta ɗauki sawunsa ta shimfiɗa a kan sauran. Da zarar jarumi ya juya fuska, ko wani sabon abu ya shigo, dole mai zane ya sake ɗaukar burushi ya zana mata wani.