Neman Cikon Shida: Yadda Hokin Ƙanƙara na Mata Ya Kafu a Jami'o'in Amurka

A tsakiyar shekarun 1960 wasu ɗalibai na Kwalejin Pembroke, ɓangaren mata na Jami'ar Brown da ke jihar Rhode Island, suka kafa ƙungiyar hokin ƙanƙara. Wasa ne na mutum shida-shida, ana zamiya a daskararren fili da takalma masu ƙarfe a ƙasa, ana kora ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. 'Yan wasa sun samu, abokan karawa ne suka gagara. Babu wata jami'a a Amurka mai irin ƙungiyarsu, don haka sai sun tsallaka Kanada kafin su kara da takwarorinsu. Wannan rashi ya daɗe yana bin wasan, kuma shi ya tsara yadda jami'o'i suka riƙa haɗuwa suna rabuwa har zuwa yau.

A 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da aka sani da Title IX, wadda ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Dokar ba ta yi aiki nan take ba. Hoki wasa ne mai cin kuɗi: filin ƙanƙara, kayan kariya, doguwar tafiya. Jami'o'i da yawa sun bar 'yan matan su yi ta kansu a matsayin kulob, su tara kuɗin mota, su karɓi lokacin atisayen da maza suka rage. A farkon shekarun 1990 sai da 'yan wasan Jami'ar Colgate suka kai makarantarsu kotu a kan haka.

A wancan zamani wasan na arewa maso gabas ne kawai. Rukunin ECAC ya fara gasar mata a 1984, kuma Providence da New Hampshire da Northeastern ne suka yi ta karɓa-karɓa da kofin. Rukuni a nan shi ne gungun jami'o'in da suka amince su riƙa karawa da juna kowace kaka, suna da ofishi da jadawali da kofinsu.

Abin da ya sauya taswirar ya fito ne daga jihar Minnesota. A 1994 ta zama jiha ta farko da ta amince da hokin 'yan mata a matsayin cikakken wasan makarantun sakandare. Cikin 'yan shekaru aka sami ɗimbin yara da suka tashi da sanda a hannu, suna neman inda za su ci gaba. Jami'ar Minnesota ta buɗe ƙungiyarta a 1997. Shekara ta zagayo, aka sa hokin mata a gasar Olamfik a karon farko a Nagano ta Japan, Amurka ta doke Kanada da ci 3 da 1 ƙarƙashin kyaftin Cammi Granato, tsohuwar ɗalibar Providence. A 1999 rukunin WCHA na yamma ya buɗe ɓangaren mata da jami'o'i bakwai, a 2001 kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta karɓi gasar ƙasa a hannunta.

Yamma ta shigo a makare amma ta kwashe kusan komai. Minnesota Duluth, ƙarƙashin koci Shannon Miller wadda ta ɗebo 'yan wasa daga Kanada da Suwidin da Finlan, ta ci kofuna uku na farko. Daga 2001 zuwa 2013 kofin bai fita daga hannun Duluth da Minnesota da Wisconsin ba. Minnesota ta gama kakar 2012–13 da wasa 41, nasara 41. Clarkson, ƙaramar jami'a a arewacin jihar New York, ita ta karya wannan jeri a 2014, ta sake ci a 2017 da 2018. Ban da ita, babu wata jami'ar gabas da ta taɓa ɗaukar kofin NCAA ɗin har zuwa 2025.

A gabas an yi rabon gida a 2002. Jami'o'i shida, ciki har da manyan nan uku na da, suka fice daga ECAC suka kafa ɓangaren mata na Hockey East, domin su zauna inda galibin ƙungiyoyinsu na maza suke. A shekarar ne kuma aka kafa na CHA da jami'o'i huɗu waɗanda ba su sami wurin zama ba: Findlay, Mercyhurst, Niagara da Wayne State. A ganina labarin CHA ya fi na zakarun nuna halin da wasan yake ciki. Ƙa'idar NCAA ita ce sai rukuni ya cika jami'o'i shida kafin zakaransa ya sami kujera kai tsaye a gasar ƙasa. CHA ta shekara goma tana neman wannan cikon, kamar mai ɗibar ruwa da tulu mai yoyo. Findlay ta rufe ƙungiyarta a 2004, Robert Morris da Syracuse suka shigo, Wayne State ta rufe a 2011, Niagara ta bi ta a 2012. Shigowar Penn State da RIT da Lindenwood a wannan shekarar ce ta cika shida, kujerar kuma ta zo a 2015. Da Robert Morris ta soke hoki a 2021 sai lissafin ya sake komawa biyar, har sai da masoya wasan suka tara kuɗi ƙungiyar ta dawo a 2023. A 2024 CHA ta haɗe da rukunin maza na Atlantic Hockey, suka zama Atlantic Hockey America.

Girgizar da ta wargaza rukunonin maza kuwa ba ta taɓa mata sosai ba, kuma dalilin abin dubawa ne. Attajiri Terry Pegula ya ba Penn State dala miliyan 88 a 2010 don gina fili da kafa ƙungiyoyi. Da haka jami'o'in rukunin Big Ten masu hokin maza suka cika shida, suka ware a 2013 da tasharsu ta talabijin, sauran manya suka kafa rukunin NCHC, WCHA ta maza ta yi ta ramewa har ta rufe a 2021. A ɓangaren mata Big Ten huɗu kawai gare ta: Minnesota, Wisconsin, Ohio State da Penn State. Ba su kai su ware ba, sai ukun farko suka zauna inda suke. Yanzu sunan WCHA, wanda asalinsa ya koma shekarun 1950, mata kaɗai ke riƙe da shi, kuma shi ne rukuni mafi ƙarfi a ƙasar.

Ƙarfin rukuni bai ceci North Dakota ta WCHA ba. A ƙarshen Maris na 2017 jami'ar ta soke ƙungiyar matanta saboda raguwar kuɗin da jiha ke ba ta, a makon da 'yan wasan ƙasa suka sasanta da hukumarsu a kan albashi bayan barazanar ƙaurace wa gasar duniya. Jami'a ce da hoki ya zama mata abin alfahari, mai ɗaya daga cikin filaye mafi tsada a ƙasar, kuma ƙungiyar maza ba a taɓa ta ba. Ban ga yadda za a kare wannan hukunci ba. Ko shekara ba a yi ba tagwayen nan Monique da Jocelyne Lamoureux, waɗanda suka buga wa ƙungiyar da aka soke, suka ci ƙwallayen da suka kai Amurka ga zinare a gasar Olamfik ta Pyeongchang. Gurbin da aka bari a WCHA ya zauna fanko har St. Thomas ta shigo a 2021.

Ta ƙasa wasan ya ci gaba da yaɗo. Ƙananan kwalejojin yankin New England da ba su da rukuni suka fara da yarjejeniyar karawa da juna a 2017, daga baya suka zama rukunin NEWHA. Gasar ƙasa, da ta fara da ƙungiya huɗu ta koma takwas a 2005, ta kai goma sha ɗaya a 2022. Tun Janairun 2024 akwai gasar ƙwararru ta PWHL, wadda galibin 'yan wasanta daga jami'o'in Amurka suka fito. Jami'ar Delaware kuma ta fara wasa a 2025.

Cikon shida na matan Big Ten har yanzu bai samu ba, kuma idanu suna kan jihar Michigan. Jiha ce da ke cikin masu fitar da 'yan wasa mata da yawa, amma tun rufewar Wayne State ba ta da ƙungiyar mata ko ɗaya a babban mataki, alhali Michigan da Michigan State duk suna da manyan ƙungiyoyin maza. A 2024 Denise Ilitch, 'yar majalisar gudanarwar Jami'ar Michigan, ta fito fili ta nemi a kafa ta mata, jami'ar kuma ta sa a yi nazarin abin da hakan zai ci. Idan su biyun suka shigo, Minnesota da Wisconsin da Ohio State za su sami hanyar ficewa, WCHA kuma ta ragu zuwa jami'o'i biyar.