Daga Kunne zuwa Kwamfuta: Tarihin Gano Cutar Inji a Ƙasar Kankiya da Kusada

Sana'ar kanikanci ta bunƙasa a ƙasar Hausa ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin gyaɗa da audugar da ake nomawa a ƙasar Katsina sai an kai su tasha, aikin da raƙuma da jakuna suka riƙe kafin manyan motoci su karɓe shi. Da yake Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, direbobi sun daɗe suna yada zango a cikinta, ita kuwa maƙwabciyarta Kusada ta dogara da a-kori-kura wajen fitar da hatsi da dabbobi zuwa kasuwanni, saboda haka gyaran mota ya zama wani ɓangare na tattalin arzikin noma a yankin.

Zamanin farko na sana'ar shi ne zamanin kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, kuma ya yi tashe sosai bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata idan nauyin iska ya ninka na fetur sau 14.7, amma idan iskar ta haura wannan ma'auni, sai inji ya shiga yunwar mai, ya riƙa shaƙewa idan an taka totur, yana jijjiga a sulo, yana zafi fiye da kima, wanda idan aka bar shi yakan ƙona bawul ko ya lalata fistin. Kanikawan wancan lokaci da kunne da ido suke gano wannan cuta: bakanike yakan saurari ƙarar inji, ya kwance fulogi ya duba bakinsa, in ya gan shi fari fat ya san mai ya yi kaɗan, in ya gan shi baƙi ƙirin ya san mai ya yi yawa. Ilimi ne da yaro ke ɗauka a gareji wajen ubangidansa, shekara da shekaru, kafin a yaye shi.

Sauyi ya zo ne tare da motocin Kwatano, waɗanda aka riƙa shigowa da su ta Maraɗi da Jibiya, akasarinsu masu injekta, wato nozul mai fesa fetur bisa umarnin kwamfutar mota. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur a 2001, tsarin da ya tanadi wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Lambar P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai a sahun silinda na farko, P0174 kuma a sahu na biyu, kwamfutar kuwa tana gane hakan ne daga ma'aunin iskar oksijin da ke jikin salansa.

Sai dai lambar alama kawai take faɗa, ba ta nuna tushen cutar, kuma a nan ne masu motoci da yawa suke tafka asara, suna aikawa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo sabon ma'auni alhali tsohon lafiyarsa lau. A wannan yanki musabbaban sanannu ne: ƙurar hunturu tana dusashe ma'aunin iskar da ke shiga inji, zafin bazara yana tsattsaga robobi har iska ta riƙa satar hanya, gurɓataccen man bumburutu yana toshe matata da nozul, famfon mai kuma yana raunana idan aka saba tafiya da tanki a bushe. Babu ɗaya daga cikinsu da ake tabbatarwa ba tare da an gwada ƙarfin famfo, an bi robobi ɗaya bayan ɗaya, an kuma saurari inji ba.

Saboda haka kwamfuta ba ta kori ilimin tsofaffin kanikawa ba, ƙara masa kaifi ta yi. Ya kamata ƙungiyoyin kanikawa da makarantun koyon sana'a na Jihar Katsina su haɗa wa matasan Kankiya da Kusada ilimin biyu a wuri guda, domin manomi ya samu ingantaccen gyara a garinsu kafin hatsinsa ya rasa kasuwa.