Hotunan Iyayenmu, Daga Akwatin Ƙarfe Zuwa Kwalin Soso

Bayan rasuwar gwaggona, da aka zo rabon kaya, sai aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta. A can ƙasa, cikin wata ledar shinkafa, muka tarar da hotuna sun kai talatin. Rabinsu sun manne da juna, gara ta ci gefen wasu, wasu kuma sun koma ja kamar an zuba musu ruwan goro. A cikinsu akwai na wani dattijo da rawani, tsaye kusa da buhunan auduga. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, wannan ya ce kakanmu ne, wancan ya ce a'a, ƙanensa ne. Wadda ta san amsar ita ce muka binne kwana bakwai da suka wuce.

Na tabbata kusan kowane gida a unguwar nan yana da irin wannan akwati, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna a kai.

Gomben da muke ciki ba tsohon gari ba ne idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Buba Yero ya kafa masarautarsa a Gombe Abba a zamanin jihadi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita nan Doma a 1919. Daga nan gari ya fara cika da baƙi. Iyayenmu da kakanninmu suka yi ta zuwa daga ƙasashen Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato, wasu fatauci ya kawo su, wasu almajiranci, wasu fawa ko ɗinki. Da aka kafa injin gurzar auduga na BCGA a shekarun 1950, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963, sai abin ya ƙara haɓaka. A 1996 aka cire mu daga Bauchi, Gombe ta zama babban birnin jiha.

To, tarihin sarauta a rubuce yake. Ana iya samunsa a fada, ko a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko a Arewa House. Amma tarihin ɗan koli da ya sauka a zauren wani da buhu ɗaya, wa ya rubuta shi? Babu. Abin da ya rage mana shi ne labarin baka da kuma 'yan hotunan nan.

Ita kanta sana'ar hoto a Faransa aka bayyana ta ga duniya a 1839. Tun farkonta masu hoto suka gane cewa takardar hoto ba ta iya tsayuwa da kanta, siririya ce, tana nannaɗewa. Sai suka riƙa manna ta a kan kwali mai kauri, suna buga sunan shagonsu a ƙasa. A Nijeriya ma, tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai 'yan ƙasa masu wannan sana'a a bakin teku, irin su Jonathan Adagogo Green na Bonny. A nan Arewa kuwa, yawancin hotunan farko Turawan mulki ne suka ɗauka: sarakuna, dawakai, kasuwanni. Talakan da ya faɗo cikin hoton ba a damu da sunansa ba.

Sai daga baya kamara ta shigo hannun masu hoton kasuwa da na tasha. Dattawanmu ba za su manta da mai hoton nan da ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ba, ka zauna a benci, ka jira, ka karɓi abinka. Buƙata ce ke kai mutum wurinsa: fasfon aikin Hajji, takardar makaranta, lasin tuƙi. Sannan aka shiga zamanin sutudiyo da hoton Sallah, da na biki da suna. Hoto mai kala ya yaɗu a shekarun 1980, kowa ya sayi albam. Yanzu kuwa waya ta kashe kasuwar fim, har kamfanin Kodak da kansa ya durƙushe a 2012.

Wani abin mamaki, hoton baƙi-da-fari na 1960 sau da yawa ya fi mai kala na 1990 lafiya. Dalili shi ne, na farko da sinadarin azurfa aka yi shi, na biyu kuma rini ne, rini kuwa zafi da haske suna cinye shi. Ga kuma yanayin garinmu: zafin bazara, ƙurar hunturu, damshin damina, ga gara da kyankyaso. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2004 sun san cewa ruwa ba ya tambayar abin da ke cikin akwati. Mu ma da hannunmu mun yi ɓarna ba da sani ba. Albam mai danƙo yana ƙona bayan hoto, salatif yana barin tabo, laminatin kuwa in an yi shi an yi ke nan, ba ya ɓantaruwa sai da fuskar mutum.

A nan ne kwalin soso ya shigo. Shi ne farin allon nan mara nauyi da masu buga fosta da masu firem ke aiki da shi: soso a tsakiya, takarda gaba da baya. A Amurka aka fara yin sa a 1957. Amfaninsa shi ne yana riƙe hoto a miƙe, ba ya barinsa ya lanƙwashe ko ya karye, yaro ma zai iya ɗaukarsa. Amma fa iri-iri ne. Na talla an yi shi ne don 'yan watanni, takardarsa tana da sinadari mai tsami da ke sa hoto ya yi rawaya. Wanda ake so shi ne wanda aka cire wa wannan tsamin. A tambayi mai firem, kada a ji kunya.

Shawarata ita ce, kada a taɓa manna hoton asali da gam. A kai shi a yi masa sikanin, a buga kwafi, kwafin ne za a manna a kan kwalin. A shimfiɗa shi daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale, a ɗora masa abu mai nauyi ya kwana, sannan a datse gefen da sabuwar reza. In kuma dole sai na asalin, a riƙe shi da 'yan kusurwoyin takarda yadda za a iya zare shi. In za a sa gilashi, kada ya taɓa fuskar hoton. A guji bangon da rana ke duka, da kusa da madafa. Waɗanda ba sa rataya hoto saboda fahimtarsu ta addini, ba sai an rataya ba: a jera su a kwali mai murfi, a ɗora bisa kabad, nesa da ƙasa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma ba ya cin ko sisi. A ɗauki fensir, ba biro ba, a je wurin Inna ko Baba tun suna raye, a tambaye su: wane ne wannan, ɗan wane ne, daga wane gari ya zo, wace shekara ce, ko a zamanin wane sarki? In sun ce lokacin Sarki Abubakar ne, ko bayan naɗin Sarki Shehu a 1984, wannan ma ya isa a rubuta a bayan kwalin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu dai hoton dattijon nan mai auduga yana nan, mun gyara shi ya yi kyau, amma har yau bayansa fari fat. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu yi abin da ya kamata tun kafin lokaci ya ƙure.