Hukuncin Kisa a Nijar: Yadda Aka Daina Zartarwa Ba Tare da An Soke Ba

Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen da dokarsu ta tanadi hukuncin kisa amma ba su zartar da shi. Alƙalai suna yanke shi har yau, sai dai rabon da gwamnati ta tsayar da wani gaban masu harbi tun 1976. Wannan matsayi ya samo asali daga tarihin sarautun ƙasar, da dokokin da Faransa ta bari, da kuma fafutukar soke hukuncin da ta faro daga Turai.

A daular Damagaram, kafin zuwan Turawa, ran talaka yana hannun sarki. Alƙali yana yin shari'a bisa mazhabar Malikiyya, amma zancen kisa sai ya je fada a Zinder, ko a birni aka yi laifin ko a ƙauyukan kudu irin su Gouna. Dogarai ke kamo mai laifi, hauni ya gama aikin. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta labarin wurin da ake kashe masu laifi, da wata itaciya da mutanen gari ke shakkar kusanta, da kurayen da ke zuwa kan gawarwaki da dare. Labarin baƙo ne, ba a rasa ƙarin gishiri a ciki, amma ya nuna cewa a fili ake kisan, domin a gani a ji tsoro. Shari'ar Musulunci kuwa ta bar ƙofa a buɗe: dangin mamaci suna iya neman ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe, in ban da kisan gilla, wanda Malikiyya ba ta yarda a yafe ba.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, suka ƙwace wannan iko daga hannun sarki. Alamar hakan ta fito sarari a 1906, lokacin da suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa bisa zargin ƙulla tawaye, suka kore shi daga ƙasar. A 1946 aka shimfiɗa dokar laifuka ta Faransa a kan dukan mazauna yankunan da take mulki a Afirka, kuma daga ita aka tsamo kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961, wanda ya tanadi kisa ta hanyar harbi ga laifuka irin su kisan kai da gangan da cin amanar ƙasa.

Ita fafutukar soke hukuncin ta girmi zuwan Faransawa Nijar. A 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya wallafa ɗan littafi kan laifi da horo, inda ya kafa hujja cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin horo hana shi aikata laifi. Masarautar Tuskani ta soke hukuncin a 1786, Benezuwela ta bi a 1863. Tafiyar ta yi ta jan ƙafa fiye da shekara ɗari. Lokacin da ƙungiyar Amnesty International ta kira taro a Stockholm a 1977, ƙasashe 16 kaɗai suka soke shi ga dukan laifuka. Faransa kanta, wadda ta bar wa Nijar dokar, sai 1981 ta rabu da shi, bisa jagorancin ministan shari'a Robert Badinter. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya da ke ɗaure duk ƙasar da ta shiga kada ta sake kashe wanda aka yanke wa hukunci, kuma tun 2003 ake ware ranar 10 ga Oktoba don yaƙi da hukuncin. Yau ƙasashen da suka soke shi gaba ɗaya sun haura 110.

Kashe-kashen da aka fi tunawa da su a Nijar bayan samun ƴancin kai na siyasa ne. A Oktoban 1964, bayan mayaƙan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary sun kutso daga ƙetaren iyaka, gwamnatin Diori Hamani ta harbe wasu daga cikinsu a bainar jama'a a Yamai. Wannan ya taɓa ƙasar Zinder da Maraɗi sosai, domin can Sawaba ta fi magoya baya. Na ƙarshe shi ne na Afrilun 1976, bayan yunƙurin kifar da gwamnatin Seyni Kountché a watan Maris. Cikin waɗanda aka harbe har da hafsoshi biyu, Bayéré Moussa da Sidi Mohamed, da shugaban ƙwadago Ahmed Mouddour. Daga nan bindiga ta yi shiru, ba da wata doka ko sanarwa ba. Shugabanni sun riƙa sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai, galibi a lokacin bukukuwan ƙasa, har abin ya zama al'ada.

An yi yunƙuri biyu na mayar da al'adar doka, dukansu suka ci tura. A Disamban 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, an kai daftarin sokewa gaban majalisar tuntuɓa ta ƙasa, wadda Marou Amadou ke shugabanta. Mutum 27 suka amince, 40 suka ƙi, 4 suka ƙaurace. A Oktoban 2014 majalisar ministocin Mahamadou Issoufou ta amince da ƙudurin shiga yarjejeniyar 1989, amma majalisar dokoki ba ta kai ga amincewa da shi ba. A shekarar ce Nijar ta fara kaɗa ƙuri'ar goyon bayan ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na dakatar da zartar da kisa, wanda ake maimaitawa tun 2007, ko da yake a wasu zagayen da suka biyo baya ta koma ƙaurace wa ƙuri'ar.

Ba wuya a gane inda gizo ke saƙa. Ƙungiyoyi irin su ACAT-Niger sun riƙa kafa hujja da haƙƙin rayuwa da tsarin mulkin 2010 ya tanada, da kuma cewa alƙali na iya kuskure, wanda aka kashe kuwa ba ya dawowa. Malamai da yawa suna amsawa da cewa ƙisasi hukuncin Allah ne, ba majalisar da ta isa ta goge shi. A gaskiya ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba, domin dokar 1961 ba ta ƙisasi ba ce: ba ta ba dangin mamaci ikon zaɓa tsakanin kisa da diyya da yafewa, gwamnati ce ke ƙara, shugaban ƙasa ne ke afuwa. Amma ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a a Zinder ko Mirriya ba zai so a ce shi ya soke abin da liman ya kira wajibi ba. Hare-haren Boko Haram a Diffa tun 2015 da na masu iƙirarin jihadi a Tillabéri sun ƙara sanyaya gwiwar masu neman sokewa.

Maƙwabta sun rabu gida biyu. Benin ta shiga yarjejeniyar 1989 a 2012, Chadi ta soke hukuncin ga dukan laifuka a 2020, kamar yadda Kodebuwa ta yi a 2000 da Senegal a 2004. Najeriya kuwa tana riƙe da shi: an rataye fursunoni a jihar Edo a 2013 da 2016, kuma shari'o'in Safiya Hussaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, waɗanda kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci suka sallama a 2002 da 2003, sun jawo hankalin duniya kan ƙasar Hausa. A Nijar, juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya dakatar da tsarin mulkin 2010, wanda masu neman sokewa suka fi dogara da shi, amma bai taɓa tanadin kisa da ke cikin kundin laifuka ba.