Yadda Masu Sayar da Kati Suka Koma Masu Fim Ɗin Biki

A watan Janairu na 1910, wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Joyce Hall ya sauka daga jirgin ƙasa a birnin Kansas City da ke jihar Missouri ta Amurka. Daga Nebraska ya taso, jarinsa duka bai wuce kwalayen takalmi biyu cike da katunan hoto ba. Shi da yayansa Rollie suka kafa kamfanin Hall Brothers. Gobara ta lashe musu kaya a 1915, suka ci bashi suka sake tashi, suka fara buga nasu katunan gaisuwa. Wannan kamfani ne ya zama Hallmark.

Cinikin kati yana bin ranakun taro ne: Kirsimeti, aure, haihuwa, ranar uwa, ranar uba, ta'aziyya. Duk inda mutum ke da magana a ciki ya kasa furta ta, nan kasuwar take. Wanda ya riƙe wannan zai gane duk abin da kamfanin ya yi daga baya a talabijin.

Ranar 24 ga Disamba, 1951, Hallmark ya ɗauki nauyin wani wasan waƙa na Gian Carlo Menotti a tashar NBC, mai suna Amahl and the Night Visitors. Daga nan shirin Hallmark Hall of Fame ya samo asali. Da farko shiri ne na manyan mutane, har Hamlet na Shakespeare aka nuna a 1953. A hankali sai ya karkata zuwa labarin cikin gida. A fim ɗin Promise na 1986, James Garner ya fito a matsayin mutumin da rasuwar mahaifiyarsa ta komar da shi gida, ya tarar riƙon ƙaninsa mai taɓin hankali ya faɗo kansa. A Sarah, Plain and Tall na 1991 kuma, manomi ne da matarsa ta rasu ya buga cigiyar matar aure a jarida, matar da Glenn Close ta fito a matsayinta ta amsa. Joyce Hall bai ga ko ɗaya cikin biyun nan ba, don ya rasu a 1982.

A watan Agusta na 2001 kamfanin ya buɗe tasharsa, Hallmark Channel, a gurbin tashar Odyssey wadda asalinta ta addini ce. Nan sana'ar ta koma kamar gidan burodi. Fim guda kan kammala cikin mako uku ko ƙasa da haka, da kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 2, kuma da yawa a yankin Vancouver na Kanada ake ɗaukarsu saboda rangwamen haraji. Ƙanƙarar Kirsimeti ta roba ce, 'yan wasa na gumi cikin rigunan sanyi a tsakiyar zafi. A 2019 kaɗai sun fitar da sababbin finafinan Kirsimeti 40. Ƙa'idar gidan sananniya ce: ba ashar, ba tsiraici, ba jini, kaka da jika su zauna su kalla ba mai sunkuyar da kai.

Watan Yuni, wanda a al'adar Amurkawa watan aure ne, an ba shi jerin finafinan biki. Wedding March na 2016, da Jack Wagner da Josie Bissett, sai da ya haifi ci gaba har biyar.

A irin waɗannan finafinai akan ci karo da uban da ya ɓace. To me ya haɗa shi da biki? Al'ada ce. A auren coci na Amurka, uba ne ke riƙo hannun amarya ya tako da ita gaban jama'a ya miƙa ta ga ango. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimta ba, shi ma ranar ɗaurin aure ake tambayar waliyyi. Saboda haka da an sa rana, tsohon ciwo ya tashi: a aika wa mutumin da ya bar gida shekara ashirin katin gayyata, ko a ƙyale shi? Marubuci ya samu rikici, ya samu wa'adi, ya samu wurin sulhu, duk a rana ɗaya. Wani lokacin uwa ce ta tafi. A shirin Chesapeake Shores, wanda ya gudana daga 2016 zuwa 2022, Megan ta bar mijinta Mick da 'ya'ya biyar, ta dawo bayan shekaru tana neman shiga. Labarin na Maryland ne, amma a tsibirin Vancouver aka ɗauka.

Gaskiya yafiyar kan zo da arha. Gabar shekara ashirin sai ta narke a hirar minti uku a baranda, kuma masu suka sun daɗe suna cewa duk fim ɗaya ne ake canza wa riga. Masu kallo sun ji, ba su fasa ba.

Riba kuwa ta jawo kishiyoyi. Lifetime da Netflix suka shiga irin wannan harka. Bill Abbott, wanda ya daɗe yana shugabantar tashar, ya bar ta a farkon 2020, ya je ya kafa kamfanin da ya sayi tashar da yanzu ake kira Great American Family. A 2022 ya janye Candace Cameron Bure, ɗaya daga cikin fuskokin da masu kallon Hallmark suka fi sabawa da su.