Putative: Kalmar da Ta Taso Daga Gonar Inabi Ta Zauna a Kotu

A Turancin lauyoyi da masu bincike akwai kalmar putative, wadda ake liƙa wa abin da jama'a suka ɗauka haka yake, alhali ba a kawo hujjar da ta tabbatar da shi ba. Asalinta Latin ne, harshen Rumawan da. Manomansu kan ce putare idan suna datse rassan inabi. Daga nan ma'anar ta koma tace lissafi, sannan ta zama ƙiyasi da zato. Reputation, wato sunan da mutum ya yi a bakin mutane, daga wannan tushe ta fito, haka ma kwamfuta, don aikinta na fari lissafi ne.

A ƙarni na 15 ta shiga Turanci, amma tun kafin nan ta yi ƙarfi a dokokin aure na Cocin Katolika. Malaman cocin sun ci karo da wata matsala mai ban tausayi. Mace da namiji sun yi aure da zuciya ɗaya, har sun haihu, sai daga baya a gano akwai dangantakar jini da ta haramta auren. Aure dai ya ɓaci. To 'ya'yan fa? Sai suka sa masa suna matrimonium putativum, auren zato, suka yanke cewa muddin ko ɗaya daga cikin ma'auratan bai san da cikas ɗin ba, 'ya'yan na halak ne. Wanda ya karanci fiƙihu zai tuna da hukuncin shubuha, inda ake danganta ɗa ga ubansa. A ganina nan ne kalmar ta yi aikinta mafi daraja, domin ta hana a ɗora wa yaro laifin da bai ji ba bai gani ba.

A Ingila kuwa maganar kuɗi ce. Wata doka ta 1576, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, ta ba alƙalai ikon tilasta wa uwa da mutumin da ake ce shi ne uba su ciyar da ɗan da aka haifa ba aure, don kada nauyin ya faɗa kan gunduma. A irin waɗannan shari'o'i ne putative father ya zama sunan wannan mutum. Sunan ya kai har Amurka, inda jihohi da yawa ke da rajistar irin waɗannan iyaye maza. A 1983, a shari'ar Lehr da Robertson, Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi goyon bayan wani da bai yi rajista a New York ba, bayan an ba mijin uwar 'yarsa riƙon yarinyar ba tare da an sanar da shi ba.

Masana ƙwayoyin halitta ma sun are ta, da ita suke kiran aikin da suke kyautata zaton wata ƙwayar gado na yi kafin gwaji ya tabbatar.

Masu fassara su kula: kalmar alleged tana ɗauke da zargi, putative kuwa ba ta zargin kowa, ba ta kuma ƙaryata komai. Wanda ya mayar da ita "na bogi" ko "wanda ake tuhuma" ya ƙara abin da marubucin bai faɗa ba. "Wanda ake ɗauka" ita ce daidai.