Samfurin Bayanan Gini: Tarihinsa da Alaƙarsa da Ƙofar Nassarawa

Samfurin bayanan gini, wanda injiniyoyi ke kira BIM, hanya ce ta tayar da gini a cikin kwamfuta tun kafin a haƙa harsashi. Kowane bango da ginshiƙi da bututun ruwa yana ɗauke da bayaninsa: kaurinsa, kayan da aka yi shi da su, kuɗinsa, da lokacin da zai buƙaci gyara. Idan aka sauya girman taga, lissafin bulo da siminti shi ma sai ya sauya.

A Kano ta dā, irin wannan ilimi a kan magina yake. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa, ba a gina ta da zanen takarda ba. Magini ya san kududdufin da ake haƙo ƙasa mai kyau, ya san kwana nawa ake barin ta ta jiƙa da ciyawa kafin a mulmula tubali a shanya, ya san iyakar faɗin da azara za ta ɗauki rufi ba ta lanƙwasa ba. Da taku da kamu yake awo. Bayan damina a fito a yi yaɓe, a toshe inda ruwa ya ci. Ɗa ya gada daga uba, Sarkin Gini na sa ido. Raunin tsarin ɗaya ne, amma babba: gwanin da ya rasu bai koyar ba, ya tafi da iliminsa kushewa.

Bayan zuwan Turawa a 1903, zanen takarda ya shigo tare da gine-ginen gwamnati, daga baya kwamfuta ta karɓa.

Tushen BIM na zamani yana Amurka, inda Charles Eastman ya bayyana tunanin a 1975. Manhajar ArchiCAD ta fito daga Hungari a shekarun 1980, Revit ta biyo baya a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002. Birtaniya ta wajabta tsarin a ayyukan gwamnatinta daga 2016, ƙa'idar ISO 19650 ta fito a 2018. Yanzu hankali ya karkata ga kula da gini bayan an gama shi, har da tsofaffin gine-gine. Awon da Andrew Tallon ya yi wa cocin Notre-Dame da hasken laser ya taimaka wajen gyara ta bayan gobarar 2019.

Nan ne batun ya shafi Ƙofar Nassarawa, ɗaya daga ƙofofin ganuwar Kano. Ƙofar da ke tsaye a yau ginin zamani ce, ga gadar sama da aka yi kusa da ita a zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, motoci na wucewa dare da rana. Ganuwar Kano ta shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suna cinye ta. Ya kamata hukumar adana kayan tarihi da Jami'ar Bayero su auna badalar da ta rage da irin wannan fasaha, su zauna da tsofaffin magina su rubuta abin da suka sani tun suna raye.